Farautar Kuskure a Manhajar Kwamfuta da Ƙa'idojin Manɗiƙi

(Taken shiri)

Wannan filinmu na ilimi ne daga nan Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Ina gaishe da masu kama mu a Doma da Obi da Keana da Awe, da mutanen Agyaragu da Assakio, har zuwa Akwanga da Keffi. Gaisuwa ta musamman ga ɗalibai masu karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, don ku maganar yau ta fi shafa. Amma mai POS, da sakataren ƙungiya, da malamin zaure, kada kowa ya murɗa akwatinsa. Akwai rabonku a ciki.

Tambayarmu ta yau ita ce: idan manhaja ta yi tutsu, yaya ake gano inda ɓarnar take?

Abin da na saba gani wurin matasanmu masu koyon rubuta manhaja yana damuna. Da zarar abu ya ƙi, sai a goge wannan layi, a canja wancan, a kashe kwamfuta a kunna, a kwaso wani rubutu daga intanet a liƙa. Tamkar bakaniken da aka kawo wa babur ya ƙi tashi, bai gwada komai ba ya canja fulogi, ya kwance kafireta, ya sa aka sayo batir, mai babur ya biya kuɗin kaya uku alhali ciwon yana nan inda yake. Wani lokaci a dace, abu ya tashi, amma mai gyaran bai san dalili ba, don haka gobe ma zai sake zama a gaban matsalar nan.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba ta bukatar sayen komai. Tana cikin ilimin manɗiƙi, a reshensa da ke duba maganganun da ko dai gaskiya ne ko ƙarya, babu tsaka-tsaki. "An biya kuɗi." "Saƙo ya tafi." "Lambar sirri daidai ce." Irin waɗannan ake haɗawa da ƙananan kalmomi: da, ko, ba, sai kuma babbarsu, wato "idan kaza, to kaza". Da su ake gina kowace manhaja a duniya, da su kuma ake kamo ta idan ta kauce.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi sannu a hankali. A ce wata ƙungiyar manoman riɗi a yankin Doma ta sa wani matashi ya rubuta mata manhaja. Aikinta ba shi da yawa: duk mamban da ya zuba kuɗinsa na wata, a rubuta a rumbun bayanai, sannan a tura masa saƙon tes na shaida. An yi watanni ana tafiya lami lafiya. Sai aka ɗauki sababbin mambobi, ƙorafi ya fara shigowa: mun biya, ba mu ga alat ba. Sakatare ya bugo wa matashin waya, ya ce, "Injiniya, abin nan naka fa ya lalace." Shi kuwa bai ko buɗe kwamfuta ba ya ce, "Ranka ya daɗe, matsalar sabis ce."

Mu tsaya nan mu kwance tunaninsa. Abin da ya faɗa a ransa shi ne: idan babu sabis, saƙo ba zai tafi ba. Saƙo bai tafi ba. Saboda haka babu sabis. A kunne maganar tana da daɗi, amma ba ta tsayu ba. Gaskiya ne rashin sabis yana hana saƙo tafiya, sai dai ba shi kaɗai ke hanawa ba. Ganin sakamako bai isa ya nuna maka wane dalili ne ya haife shi ba. Haka ake yi kullum a teburin POS: tiransifa ta ƙi, nan take a ce sabis ne, alhali ta yiwu kuɗin asusun ne bai kai ba, ko an ƙetare iyakar abin da banki ya yarda a fitar a rana, ko an danna lambar sirri ba daidai ba. Wannan kuskuren tunani shi ne ya fi kowanne cinye wa masu gyaran manhaja lokaci, don mutum yana jin kamar ya gano bakin zaren, sai ya daina nema.

To yaya zai yi? Ya mai da zatonsa abin gwadawa. Ya ce: idan matsalar sabis ce, to tsofaffin mambobin da suka biya a ranar, masu layi irin na sababbin, su ma ba za su samu saƙo ba. Sai ya tambaya. Aka ce ai sun samu. Shi ke nan, ba sabis ba ne. Wannan karon hukuncin ya tsayu daram, saboda idan abu na farko yana jawo na biyu tilas, kuma na biyun bai auku ba, to na farkon ma bai auku ba. A takardun jami'a za ku ga ana kiran wannan ƙa'ida modus tollens. 'Yar'uwarta, modus ponens, ita ce mai tafiya gaba: idan kaza to kaza, na farko ya tabbata, don haka na biyu ya tabbata.

Kada sunayen Latin su sa wani ya ɗauka baƙon ilimi ne. Masanan Girka irin su Kirisifus sun tsara waɗannan ƙa'idoji tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Farabi da Ibn Sina suka faɗaɗa fannin da Larabci, daga nan ya iso ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar yana kare fannin. Kuma wa bai san littafin Ahalari ba? Mawallafinsa, Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne ya rubuta Sullam, ɗan littafin manɗiƙi da ake karantawa a zaurukan malamai, kuma a cikinsa akwai babi a kan irin wannan ƙiyasi. A maganar "idan kaza, to kaza", malamai suna kiran ɓangaren farko muƙaddami, na biyu tali. Suna cewa tabbatar muƙaddami tana tabbatar da tali, kore tali yana kore muƙaddami, sauran fuskoki biyun kuwa ba sa haifar da komai.

Ga misalin da kowane almajiri zai kama nan take. Idan salla ta inganta, to an yi ta da tsarki. Wane ba shi da tsarki, don haka sallarsa ba ta inganta ba. Wannan daidai ne. Amma a ce wane yana da tsarki, don haka sallarsa ta inganta? A'a, wataƙila ya bar ruku'u. Wanda ya gane wannan ya riga ya gane kuskuren injiniyanmu da sabis. A 1854 George Boole na Ingila ya zuba irin wannan tunani a tsarin lissafi, a 1937 kuma Claude Shannon na Amurka ya nuna ana iya gina shi da makunnan lantarki. Kwamfutar da ke gabanka jikanyar wannan aiki ce.

Mu koma Doma. An kawar da sabis. Yanzu matashinmu ya ɗauki takarda da biro, ba madannai ba, ya rubuta wuraren da saƙon zai iya maƙalewa. Ko dai kuɗin bai shiga rumbun bayanai ba tun farko. Ko ya shiga amma manhajar ba ta kira sashen tura saƙo ba. Ko ta kira shi amma kamfanin da ke isar da saƙon ya ƙi karɓa. Ƙa'idar nan mai sauƙi ce: idan ɗaya daga cikin ukun tilas ne, ka kore biyu, na ukun ya tabbata. Malaman usulul fiƙihi sun san irinta da sunan sabru da taƙsimi. Sharaɗinta guda ne kuma mai nauyi: jerin ya cika. Idan akwai ƙofa ta huɗu da ba ka rubuta ba, duk korar da ka yi za ta kai ka ga wanda bai ji ba bai gani ba.

Ya buɗe rumbun, ya ga sunayen sababbin mambobi da kuɗinsu, kowa da ranarsa. Na farko ya faɗi. Sai ya duba rajistar aiki, wato ɗan littafin da manhaja ke rubuta abin da ta yi daki-daki. Ya san shi da hannunsa ya tsara cewa da zarar an kira sashen tura saƙo, abin farko da zai yi shi ne ya bar layi a rajista. Ya bi layi-layi da yatsa a kan allon. Tsofaffin mambobi suna nan. Sababbi babu ko ɗaya. Idan an kira sashen, akwai layi. Babu layi. Ba a kira shi ba ke nan. Tun da ba a kira shi ba, saƙon bai ma kai ga kamfanin ba balle a ce ya ƙi karɓa. Saura na tsakiya.

A nan ne aikin ya fi daɗi, ku saurara da kyau. Matashin ya yi imani cewa idan an rubuta biya, to za a kira sashen saƙo. An rubuta biya, ya gani da idonsa. Kamata ya yi a ce an kira sashen. Amma yanzu ya tabbatar ba a kira ba. An kira kuma ba a kira ba, wannan ba ya yiwuwa. Duk lokacin da tunani mai bin ƙa'ida ya kai ka ga maganganu biyu masu karo da juna, ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba, ɗaya daga cikin abubuwan da ka ɗauka gaskiya ne ba gaskiya ba ne. Kuma a nan kuskuren manhaja ke ɓuya kusan kullum, a cikin abin da mai rubutun ya tabbatar wa kansa har bai ga bukatar dubawa ba.

Sai ya je ya karanta layin da ke yanke wannan hukunci, ba yadda yake tuna shi ba, yadda yake a rubuce. Ashe cewa ya yi: idan an rubuta biya, kuma lambar waya ta cika lamba 11, a tura saƙo. Shi ya sa sharaɗin tun farko don kada a ɓata kuɗin tes a kan lambar da aka rubuta ba daidai ba, ya manta. Ya duba lambobin sababbin mambobi, duk guda 10 ne. Me ya faru? Sakatare ya buga sunayensu a Excel, ita kuwa Excel idan ba a gaya mata rubutu ne ba, sai ta ɗauki lambar waya a matsayin adadi, ta zubar da sifirin farko. Duk mai aiki a shagon buga takardu ya san wannan hali nata. Sifiri guda ya hana manoma shaidar kuɗinsu.

Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Amma ni a ganina babban laifin ba na sifirin ba ne. Laifin shi ne manhajar ta tsallake mutane ta yi gum. Duk inda ka rubuta "idan kaza, yi kaza", tambayi kanka: idan ba kaza ba fa? Ko ba ta yi komai ba, ta bar layi a rajista cewa na tsallake wane saboda kaza. Da ya yi haka, da tun ranar farko an gani.

(Ɗan gajeren hutu)

Barkanmu da dawowa. Wani zai ce wannan ai ƙaramar manhaja ce ta ƙungiyar ƙauye. To ku tuna jarrabawar JAMB ta 2025. Da sakamako ya fito, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Nan da nan aka fara ba da dalilai. Wasu suka ce yaran yanzu ba sa karatu, wasu suka ce an toshe satar amsa ne shi ya sa maki ya zube. Idan an toshe sata maki zai sauka, maki ya sauka, saboda haka toshe satar ce. Kun ji tunanin nan na "sabis ne" ya dawo da babbar riga. Ba na cewa babu ƙanshin gaskiya a waɗannan dalilai, cewa nake faɗuwar maki kaɗai ba ta tabbatar da su ba. Da iyaye da ɗalibai suka matsa aka bincika, a ranar 14 ga Mayu 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗa da ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Bayanin hukumar shi ne an yi wa manhajar wani gyara, amma gyaran bai kai ga wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke hidimar waɗannan cibiyoyi ba. Aka sake wa yaran jarrabawa. Fitowa a amsa kuskure a bainar jama'a abin yabo ne. Darasinmu kuwa yana cikin maganar da kowa ya ɗauka tabbas ce: dukkan kwamfutocin sun samu gyaran.

Irin wannan zato ne ya durƙusar da kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ranar 1 ga Agusta 2012. An sa sabuwar manhaja a kwamfutoci 7 cikin 8, aka tsallake guda. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar kusan dala miliyan 440. Kalmar "duk" tana da tsada. Kafin ka gina hukunci a kanta, ƙirga.

Akwai wani wurin da ɗalibai ke yawan zamewa, wato kore magana mai haɗe da "da". A ce dokar makaranta ita ce ɗalibi zai shiga ɗakin jarrabawa idan ya biya kuɗi kuma ya yi rajistar kwas. An ce ka rubuta sharaɗin wanda za a hana. Hannu yakan yi saurin rubuta: a hana wanda bai biya ba kuma bai yi rajista ba. Mu gwada da ɗalibai huɗu. Na farko ya biya ya yi rajista, ya shiga, daidai. Na biyu bai yi ko ɗaya ba, an hana shi, daidai. Na uku ya biya bai yi rajista ba. Sharaɗinka yana neman laifi biyu a tare, shi kuwa ɗaya gare shi, sai ya wuce. Na huɗu ya yi rajista bai biya ba, shi ma ya wuce. Rabin yanayin an yi kuskure. Abin da ya dace shi ne a hana wanda bai biya ba ko bai yi rajista ba. Idan korewa ta shiga, "da" yakan koma "ko", "ko" kuma ya koma "da". Wannan ita ce dokar De Morgan. In ka manta ta, jera yanayin huɗun nan a takarda, su za su tuna maka.

Lura da cewa da ɗalibi na farko da na biyu kawai ka yi gwaji, da ka ce aiki ya yi kyau. Idan manhaja daidai take, gwaji zai wuce. Gwaji ya wuce, saboda haka daidai take? Tarkon nan ne dai na farko. Masanin kwamfuta Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya daɗe da jan kunne cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu shi. Gwaji guda da ya faɗi hujja ce yankakkiya, ɗari da suka wuce kuwa kwanciyar hankali ce kawai. Don haka mai gwaji na gari yana neman abin da zai kayar da manhajarsa ne: lamba mai guda 10, suna mai ƙugiya irin ɗ da ƙ, wanda ya biya sau biyu a rana ɗaya, wurin da aka bari babu komai.

Na san da yawanku yanzu ChatGPT da makamantansa kuke tambaya idan abu ya cije. Ban hana ba. Sai dai amsar da ya ba ka zato ce kamar zaton kowa. Ka ce masa, ka ce wa kanka: idan wannan ne dalilin, me ya kamata in gani? Je ka duba. In ba ka gani ba, jefar da amsar komai kyan tsarinta.

Ina da roƙo ga malamanmu na jami'a da kwaleji. Ɗalibi yakan haddace waɗannan ƙa'idoji a ajin lissafi, ya ci jarrabawa, sannan ya shiga ɗakin kwamfuta bai san suna da alaƙa da abin da ke gabansa ba. Don Allah a riƙa ba su manhaja mai ɓoyayyen kuskure, a ce kada wanda ya taɓa madannai sai ya rubuta zatonsa da abin da zai ƙaryata shi. Malaman zaure kuma, masu karantar da Sullam, ku sani almajiranku suna riƙe da rabin sana'ar nan tun kafin su zauna gaban kwamfuta. A ƙarfafa musu gwiwa su nemi ɗaya rabin.

Ga aikin gida, mai sauraro. Wata makaranta tana da manhaja mai wannan doka: idan ɗalibi ya biya kuɗin zango, sunansa zai fito a jerin masu karɓar sakamako. Sunan wata ɗaliba ya fito, na wani ɗalibi bai fito ba. Wannensu za ka iya yanke hukunci a kan biyansa? Sannan idan wanda sunansa bai fito ba ya zaro rasit na gaskiya daga aljihu, wace magana ce ta faɗi, kuma ina za ka fara dubawa? Rubuta amsarka a takarda, ka nuna wa abokin karatunka ya nemi inda zai karya ta. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu warware ta tare.